Tambaya da Amsa: Lissafin Tafiyar Ƙafa da Mota Tsakanin Makka, Mina, Arfa da Muzdalifa

Wasiƙun da maniyyata suka aiko mana a wannan karo yawancinsu a kan abu guda suke: nisan wurare, awa nawa ƙafa ke ci, da kuma inda mota ko jirgin ƙasa ke shigowa. Mun zaɓi bakwai. Abin da ya shafi hukunci mun taɓo shi gwargwadon yadda ya shafi tsara lokaci, sauran kuma malamin tawagarku ne zai warware muku.

Assalamu alaikum. Shekaruna 58, lafiyata ƙalau, amma aikina na zaman shago ne. Ana ta faɗa mini aikin Hajji aikin ƙafa ne. Kilomita nawa ne gaba ɗaya, kuma yaya zan shirya jikina? Daga wani maniyyaci a Gusau.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa ka sauke farali lafiya. Daga Masallacin Harami zuwa Mina kusan kilomita 7 zuwa 8 ne. Daga Mina zuwa Arfa kusan 14. Daga Arfa ka dawo Muzdalifa kusan 8, daga Muzdalifa zuwa wurin jifa kusan 5 zuwa 6. Safa da Marwa, sawu bakwai, zuwa sawu ɗaya dawowa sawu ɗaya, kusan kilomita 3 ne. Ɗawafi kuwa ya danganta da inda ka yi shi: a filin ƙasa kusa da Ka'aba bai wuce kilomita 1 da ɗoriya ba, amma a benen sama zagayen ya fi faɗi, yana iya ninka haka sau uku ko fiye.

Sai dai waɗannan alƙaluma daga iyaka zuwa iyaka ne ko daga tsakiya zuwa tsakiya, kai kuma daga ƙofar tantinka za ka tashi. Mina kwari ne mai tsawo, jamrori, wato wuraren jifa, suna bakinsa na wajen Makka, tantunan alhazanmu da yawa kuma suna can ɗaya ɓangaren, wajen Muzdalifa. Mai irin wannan tanti yana iya taka kilomita 3 zuwa 4 kafin ya isa wurin jifa, kuma dawowa ta fi zuwa tsawo, domin hanyar shiga daban, ta fita daban, askarawa ba sa barin kowa ya juyo ta inda ya shigo. Ko da motarka ta zo a kan kari a kowane zango, ka sa a ranka cewa kilomita 30 zuwa 40 ƙafarka za ta ci a kwana biyar na aikin Hajji. In mota ta saɓa ko sau ɗaya, lissafin ya haura 50.

Abu na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, shi ne saurin tafiya. Lafiyayyen mutum a hanyar da ba kowa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa. A cikin taron alhazai, da rana a ka, da tsayawa a shingayen askarawa, ka lissafa kilomita 2 a awa. In akwai tsoho ko keken marar lafiya a ayarinku, 1 da rabi. A kan abin da ya fito ka ƙara minti 10 na hutu a kowace awa, da rabin awa na layin banɗaki. Tafiyar kilomita 4 da kake ganin ta awa ɗaya ce a gida, a Mina ka ba ta kusan awa 3.

Shirin jiki ka fara shi wata uku kafin tashi. Makonni biyu na farko minti 30 kullum bayan sallar Asuba. Daga nan kowane mako ka ƙara minti 10, har ka kai inda za ka yi kilomita 8 ba tare da zama ba. A watan ƙarshe ka riƙa yin doguwar tafiya kwana biyu a jere, domin abin da ke kayar da alhazai shi ne tashi da gajiyar jiya a sake sabuwar tafiya. Ka yi atisayen da takalmin da za ka je da shi, da jakar baya mai nauyin kilo 3 zuwa 4. In kana da hawan jini ko ciwon suga, likita ya fara duba ka.

Zan raka mahaifiyata, shekarunta 72, gwiwa na damunta. Daga Arfa zuwa Muzdalifa wanne ya fi mana, mota, jirgin ƙasa ko ƙafa? An ce mini masu ƙafa suna riga masu mota isa. Daga wata maniyyaciya a Maraɗi.

Hajiya, abin da aka faɗa miki yana faruwa, amma bai shafi Inna ba. Dalilinsa shi ne mutum sama da miliyan ɗaya da rabi ne ke son barin wuri guda a lokaci guda, da faɗuwar rana. Kilomita 8 da mota za ta ci a minti 15 in hanya a buɗe take, a daren nan tana iya cin awa 3, wani lokaci har 6. Saurayi mai ƙarfi da ya bi hanyar masu ƙafa zai isa a awa 2 da rabi zuwa 3. Inna kuwa, da gwiwar nan, tafiyar za ta ci mata awa 5 ko fiye bayan ta wuni a zafin Arfa, ga kuma jifa na jiranta da safe. Ku jira mota.

Ki fahimci yadda motocin ke aiki don hankalinki ya kwanta. Ba a ba kowane sansani motocin da za su kwashe kowa a tashi ɗaya ba. Motoci kaɗan ne ke kai wa suna komowa, sawu biyu, uku ko fiye. Wanda bai samu sawun farko ba yana iya zama har ƙarfe 10 ko 11 na dare, kuma wannan bai ɓata masa komai ba. A mazhabar Malikiyya ma rukunin tsayuwar Arfa shi ne a samu mutum a cikinta wani yanki na dare bayan rana ta faɗi, don haka jinkiri a Arfa ya fi gaggawar fita aminci. Haɗarin yana bakin ƙofar sansani, inda ake turereniya a sawun farko. Ki zaunar da Inna a cikin tanti, ki sanar da jami'in tawagarku tun da rana cewa kina da tsohuwa, ki nemi a sa ku a motar tsofaffi da mata. Kafin ku hau ta shiga banɗaki, domin in mota ta shiga cunkoso ba sauka. Ki riƙe ruwa lita 2, dabino ko biskit, maganinta na dare, da tabarma marar nauyi.

Jirgin ƙasan Masha'ir, wanda ya fara aiki a 2010, tsawon layinsa kilomita 18 ne, da tasha 9: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. Tafiyar kanta 'yan mintuna ce. Amma ba a zuwa a yanki tikiti a hau. An raba shi ne ga wasu sansanoni tun kafin Hajji, ana ba su shaidar shiga, yawancin alhazan ƙasashenmu kuma da mota ake jigilarsu. Ko da sansaninku na jirgi ne, akwai tafiya daga tanti zuwa tasha, akwai tsayuwa a layi da kan kai awa ɗaya ko biyu, kujeru kuma kaɗan ne.

Wani abin lura a Muzdalifa: direba kan sauke mutane inda ya samu sarari. Ki duba manyan allunan iyaka, ki tabbatar kun shiga cikinta kafin ku shimfiɗa. An yi wa masu rauni rangwamen barin Muzdalifa da dare, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Nana Sauda izini. In tawagarku ta tanadi motar tsakar dare, ku bi ta, Inna ta isa Mina kafin taron safe.

Ina so ranar 10 ga Zulhajji in yi jifa, in yi aski, in wuce Harami in yi ɗawafin Ifala da Safa da Marwa, in dawo Mina kafin dare. Zai yiwu? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Zai yiwu ga mai ƙarfi, kuma shi ne ya fi falala, amma ka ga lissafin kafin ka yanke shawara. Ka bar Muzdalifa bayan Asuba, misalin ƙarfe 5. Zuwa Jamratul Aƙaba kilomita 5 zuwa 6, a cikin taro mafi yawa na duk kwanakin, awa 2 da rabi zuwa 3. Daga wurin jifa zuwa Harami ta hanyar masu ƙafa da aka fasa cikin dutse kusan kilomita 5, awa 2. Kada ka dogara da tasi a nan, domin ana rufe titunan da ke kusa, wanda ka samu zai ninka kuɗi ya kuma sauke ka nesa. A Harami galibi za a tura ka bene saboda filin ƙasa ya cika, ɗawafi awa 1 da rabi zuwa 2, Safa da Marwa awa 1 zuwa 1 da rabi. Sai komawa tanti, kilomita 7 zuwa 9. Jimla ka haura kilomita 20, awa 11 zuwa 13, a jikin da bai yi barcin kirki ba dare biyu, kuma tsakiyar tafiyar ta faɗo a tsakar rana.

Shawararmu ga yawancin mutane ita ce a raba. Ranar 10 ka yi jifa, ka tabbatar da hadayarka, ka yi aski, ka koma tanti ko masauki ka huta. Ɗawafin Ifala ka yi shi da sanyin dare ko da asubar 11 ga wata, ko ka bari sai ka bar Mina gaba ɗaya. A Malikiyya lokacinsa yana nan har ƙarshen Zulhajji ba tare da yanka ya hau kanka ba. Abin da za ka kiyaye shi ne iyalinka ba su halatta gare ka ba sai ka yi shi. In ka zaɓi zuwa da dare, ka lissafa yadda mafi yawan daren zai same ka a Mina, domin kwanan nan wajibi ne.

Mace da ke tsoron zuwan al'adarta ita ce ke da dalilin gaggautawa. Ita gara ta bar Muzdalifa da wuri tare da muharraminta, su yi ɗawafin kafin Harami ya cika.

Ka kuma san cewa motocin da ke kai alhazai daga masauki zuwa Harami suna tsayawa da aiki 'yan kwanaki kafin ranar Tarwiyya, wato 8 ga Zulhajji, ba sa dawowa sai an watse daga Mina. In masaukinka na wajen unguwar Kudai ko can cikin unguwar Misfala ne, ka auna nisansa da ƙafa tun kana da hutu, ka san awa nawa yake ci maka.

Wane lokaci ya fi dacewa a je jifa ranakun 11 da 12? Kuma in ina son barin Mina ranar 12, ƙarfe nawa zan tashi? Daga wani maniyyaci a Garwa, Kamaru.

Jifan waɗannan ranaku yana farawa ne bayan zawali, wanda a Makka a watan Yuni yake kamawa wajen 12:20, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe 7. Kowa na son ya yi da zarar lokaci ya shiga, don haka awa biyun farko su ne mafi cunkoso kuma mafi zafi. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu, kashi 83 cikin ɗari marasa izinin Hajji ne da suka yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Shi ya sa ake umartar alhazai su zauna a tanti daga hantsi zuwa wajen ƙarfe 4.

Kowane sansani yana da lokacin da aka tsara masa da hanyar da zai bi. Ka bi wannan tsari ko da bai yi maka daɗi ba. Turmutsitsin 24 ga Satumba 2015, wanda ya ci alhazan Najeriya da Nijar da Kamaru masu yawa, ya auku ne a mahaɗar titi na 204 da na 223 inda ayari biyu suka yi karo. Ratse da yanke hanya a Mina abu ne da muke roƙon kowa ya bari.

In an bar maka zaɓi, ranar 11 ka bar tanti bayan La'asar ka isa kafin Magariba. Jifa da dare malamai sun saɓa a kansa, ka tambayi malaminku tun kafin ranar. Gadar jifan tana da hawa da yawa, kuma hanyar da ka biyo ita ke kai ka hawan da za ka yi jifa. Da ka iso kowace jamra kada ka tsaya a farkon bangon inda kowa ke cincirindo, ka ƙarasa can ƙarshensa, za ka samu sarari. Tsakuwa 7 ranar 10, sai 21 kowace rana bayanta, wato 49 ga mai fita ranar 12, 70 ga mai kaiwa 13. Ka ƙara 'yan kaɗan saboda masu zubewa.

Mai fita ranar 12 dole ya bar iyakar Mina kafin faɗuwar rana. Ka lissafa daga baya: kana son ka gama jifa da 5:30, jifan uku da addu'a minti 45, tafiya daga tanti mai nisan kilomita 3 da rabi awa 2. Ke nan ka tashi kafin ƙarfe 3, a cikin zafi, da jakarka a baya, domin in ka ce za ka koma tanti ɗaukar kaya rana za ta faɗi kana ciki. Ga kuma tafiyar masauki a gaba. Dattijo ko mai rauni ya fi masa sauƙi ya kwana, ya yi jifan 13 lokacin da Mina ta rage mutane, muddin tawagarsa ta tabbatar akwai abinci da mota a ranar.

Daga Madina zuwa Makka, jirgin ƙasa ko mota? Zan je Umra ne da kaina. Daga wani ɗan kasuwa a Kumasi.

Alhaji, tsakanin biranen kusan kilomita 450 ne. Jirgin Haramain, da aka buɗe a 2018, yana gudun kilomita 300 a awa, yana kaiwa cikin awa 2 da minti 20 zuwa 30, ya tsaya a Jidda. Mota awa 5 zuwa 6, a lokacin Hajji kuma da binciken fasfo da tsayawa a miƙati, wato wurin ɗaura harami da niyya, takan kai 8 ko 10. Ga mai Umra jirgi ya fi, da sharuɗɗa uku. Ka sayi tikiti da wuri, musamman a Ramadan. Kaya akwati ɗaya ne da bai wuce kilo 25 ba da 'yar jakar hannu, mai manyan jakunkunan tsaraba mota ta fi masa. Na uku, jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, wato Bir Ali, miƙatin mutanen Madina, kuma yana wuce daidai da shi jim kaɗan bayan tashi. Ka yi wanka ka ɗaura harami tun a masauki, ka yi niyya da jirgi ya motsa, ko ka je miƙatin da tasi ka yi niyya sannan ka wuce tasha. Ka isa tasha awa ɗaya kafin lokaci, ka kuma ƙara rabin awa zuwa awa ɗaya daga tashar Rusaifa a Makka zuwa masaukinka. Agogon Saudiyya yana gaban na Ghana da awa 3, na Najeriya da Nijar da awa 2, ka gyara wayarka kada tikiti ya ƙone.

Alhazan da suka zo ta hannun hukuma ba su da wannan zaɓi sai tawaga ta shirya shi, domin tafiyarsu a ƙungiyance take.

Wane takalmi, kuma ruwa nawa? Daga wata mai karatu a Katsina.

Silifar roba ta banɗaki ita ce ke fara cin amana: igiyarta na tsinkewa in an taka ta ta baya, tafinta siriri ne kwalta mai zafi na ratsa shi, tsakanin yatsu kuma ya yi bororo. Namiji ya nemi sandal mai kaurin tafi da maɗauri a dunduniya wanda bai rufe idon sawu ba. Ke kuwa kina iya sa kambas da safa. Kowanne ne, a yi wata guda ana takawa da shi a gida. A riƙe na biyu a jaka, da ledar zuba takalmi a Harami. Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi ko taku goma ne, domin ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Maza su shafa Vaseline marar ƙamshi a matsematsi kafin kowace tafiya, saboda harami ba wando, gogar cinya kuma ta isa ta hana mutum jifa.

Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tafiya, kurɓi kaɗan kaɗan, ba sai an ji ƙishi ba. Sau ɗaya ko biyu a rana a sha ruwan gishiri da suga na ƙunshi, a kaɗa shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun layin banɗaki, wannan shi ke kai su asibiti. Lema fara ko mai haske dole ce. Wanda ya fara jiri, ya rikice a magana, ko jikinsa ya yi zafi zau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, ya zauna a wuya, lambar sansani da ta titi a rubuce a takarda, domin waya na mutuwa.

Kakana da ƙafa ya je Makka. Ni ma ina da wannan buri. Wata nawa zai ɗauke ni? Daga wani matashi a Maiduguri.

Allah ya jiƙan kaka. Hanyar da suka bi sananniya ce: Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira N'Djamena, Abeche, El Geneina, El Fasher, El Obeid, Khartoum, sai Sawakin a bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar ƙasa ta haura kilomita 3,000. In mutum na cin kilomita 25 a rana yana hutawa kwana ɗaya a mako, lissafin takarda ya ba da kusan wata 5 zuwa 6. Su kuwa shekaru suke yi, domin suna tsayawa su yi noma ko ƙodago a gonakin auduga na Gezira su tara guzuri, da yawa kuma can suka zauna, jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau.

Yanzu ba ma ba ka shawarar ka gwada. Tun Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma Darfur, inda El Geneina da El Fasher suke, na cikin wuraren da abin ya fi muni. Ko da hanya lafiya take, bizar Hajji tana fitowa ne ta hannun NAHCON, wato hukumar alhazai ta Najeriya, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi ko kamfani mai lasisi, tare da jirgin da zai kai ka, kuma shingayen shiga Makka ba sa barin marar izini.

In burinka ka taka sawu don Allah, akwai inda za ka yi shi cikin tsari. An yi hanya ta masu ƙafa zalla daga Arfa ta ratsa Muzdalifa zuwa Mina, da famfunan ruwa da na'urorin feshi da fitilu. Bayan faɗuwar rana ranar Arfa ka sanar da jami'in tawagarku, ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa da ruwa lita 2 da 'yar tabarma, ku bar wa tsofaffi kujerunku na mota. Awa 3 za ta kai ku Muzdalifa, ku haɗa Magariba da Isha, ku tsinci tsakuwa, ku kwanta kusa da bakin Mina don tafiyar safe ta ragu.